Shaidar da Aka Samo ta Haramtacciyar Hanya: Wadda Kotu Ke Karɓa da Wadda Take Ƙi

Idan aka kama yaro a Tudun Wada ko Sabon Gari, aka ce an samu kayan sata ko ƙwaya a ɗakinsa, abin da dangi kan fara gaya wa lauya shi ne: "Barista, ai ko waranti ba su zo da shi ba, katanga suka hauro." Suna faɗin haka ne da zaton wannan kaɗai ya kashe shari'ar. A dokar Najeriya bai kashe ta ba. Sau da yawa alƙali zai yarda cewa binciken ya saɓa ƙa'ida, kuma ya karɓi kayan da aka samo, ya ɗaure mutum da su.

Doka ta raba abin gida biyu, kuma wanda bai gane rabon ba zai ɓata ƙarfinsa a inda ba riba. Akwai kaya: bindiga, waya, takarda, buhun wiwi, babur. Akwai kuma magana, wato iƙirarin da wanda ake zargi ya yi da bakinsa. Kaya suna shiga cikin sauƙi ko da an samo su ta karkatacciyar hanya. Iƙirarin da aka samo da duka kuwa doka ta hana shi shiga, ko da abin da ke cikinsa gaskiya ne.

Tushen sassaucin da ake yi wa kaya ya fito ne daga Kenya, zamanin dokar ta-ɓaci ta tawayen Mau Mau da aka yi wa Turawan mulkin mallaka a tsakiyar shekarun 1950. 'Yan sanda suka tare wani mutum mai suna Kuruma a shingen hanya, suka caje shi, suka ce sun samu harsashi biyu. Dokar lokacin ta ce mai muƙamin mataimakin sufeto zuwa sama ne kaɗai ke da ikon yin irin wannan caji, su kuwa waɗanda suka yi ba su kai nan ba. Hukuncin laifin riƙe harsashi a lokacin kisa ne. Da aka kai ƙara kotun ƙarshe ta ƙasashen rainon Ingila a Landan, sai ta ce ma'aunin karɓar shaida shi ne ko tana da alaƙa da abin da ake shari'a a kai. In tana da ita, kotu ba ruwanta da yadda aka samo ta, sai dai alƙali yana da ikon ƙin shaidar da za ta zama zalunci ga wanda ake tuhuma. Kotun Ƙolin Najeriya ta bi wannan layi a 1968 a shari'ar Musa Sadau, wadda ta taso daga Arewa a kan takardun lasin mota na jabu. An yi ƙorafin cewa binciken gidan bai bi tsarin dokar shari'ar laifuka ta Arewa ba, kotu ta ce ko da hakan ne, takardun sun shiga.

Haka aka zauna har 2011, lokacin da sabuwar Dokar Shaida ta rubuta ƙa'idar a sashe na 14 da na 15. Dokar ta tarayya ce, domin sha'anin shaida yana cikin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka, saboda haka ita ce ke aiki a Babbar Kotun Jiha da kotunan majistare na Zariya. Sashe na 14 ya ce shaidar da aka samo ta hanyar da ba ta dace ba, ko ta hanyar karya doka, ko a sakamakon ɗayan biyun, karɓaɓɓiya ce, sai fa idan kotu ta ga illar karɓarta ta rinjayi amfanin karɓarta. A lura da yadda aka jera maganar: karɓa ita ce asali, ƙi shi ne togaciya. Nauyin gamsar da alƙali ya faɗa kan lauyan wanda ake tuhuma.

Sashe na 15 ya ba alƙali abubuwa bakwai da zai auna: ƙarfin shaidar wajen tabbatar da abin da ake da'awa, muhimmancinta a shari'ar, irin laifin, girman saɓawar da aka yi, ko da gangan ko da ganganci aka saɓa, ko an ɗauki wani mataki, ko ana shirin ɗauka, a kan wanda ya saɓa, da kuma wahalar samo shaidar in da an bi doka. Duk wanda ya kalli jerin da kyau zai ga ukun farko suna aiki ne wa mai gabatar da ƙara. Iya nauyin laifi da ƙarfin shaida, iya wuyar fitar da ita. A ce an haura gida a Samaru ba waranti aka samu bindiga ƙirar AK-47 a ƙarƙashin katifa, ana tuhumar mai ɗakin da garkuwa da mutane. Da wuya a samu alƙalin da zai ce a mayar da bindigar waje. A ce kuma an fasa shagon mai gyaran waya, an kwashe komai, a kan zargin sayen waya ɗaya ta sata, alhali an yi kwana uku ana sa masa ido, kotun majistare kuma tana nan kusa a buɗe. A nan lauya yana da abin faɗa: laifin ƙarami ne, saɓawar babba ce, da gangan aka yi, kuma karɓo waranti ba zai ɗauki fiye da safiya ɗaya ba. A cikin abubuwa bakwai ɗin, na huɗu da na biyar da na bakwai su ne filin mai kare wanda ake tuhuma, kuma ba a cin su da surutu. Sai an fito da su daga bakin ɗan sandan da ya yi binciken a lokacin tambayoyin ƙure: yaushe labari ya zo muku, ƙarfe nawa kuka tashi, me ya hana ku zuwa wurin majistare, wa ya ba da umarni.

Wani abin lura ga ɗaliban lauya na Kongo, harabar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya: waɗannan sassa biyu an gina su ne a kan sashe na 138 na Dokar Shaida ta Ostareliya ta 1995, amma an juya su. A can asali shi ne ƙi, mai gabatar da ƙara ne zai roƙi a karɓa. Kuma jerinsu takwas ne, domin akwai tambayar ko saɓawar ta taɓa haƙƙin ɗan Adam da yarjejeniyar duniya ta amince da shi. Wannan ɗin ne babu a namu. Kenya kanta, inda Kuruma ya fito, ta sauya hanya: kundin tsarin mulkinta na 2010 ya ce a fitar da shaidar da aka samo ta hanyar tauye haƙƙi idan karɓarta za ta ɓata adalcin shari'a, kamar yadda na Afirka ta Kudu ya tanada. Amurka, wadda daga gare ta ne mutane suka ɗauko zaton "ba waranti ba shari'a", ta ɗora wa kotunan tarayyarta wannan ƙa'ida tun 1914, ta faɗaɗa ta zuwa jihohi a 1961, amma ita ma ta yi mata ƙofofi, kamar inda ɗan sanda ya yi aiki da zuciya ɗaya bisa warantin da daga baya aka gano lalatacce ne, ko inda ko ba jima ko ba daɗe da an gano kayan. A ganina namu ya karkata da yawa. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin gida da wasiƙa da hirar waya, amma bai faɗi makomar shaidar da aka samo ta keta shi ba. Abin da ya rage wa wanda aka keta wa gida shi ne ƙara ta daban a Babbar Kotu a ƙarƙashin sashe na 46, ya nemi diyya. Mutum na iya cin wannan ƙarar yana zaune a gidan yari a kan waccan.

Duk da haka, ƙa'idojin bincike ba su zama banza ba. Karɓar shaida daban, nauyin da alƙali zai ba ta daban. Waranti na ƙwarai yana ɗauke da sa hannun alƙali ko majistare, da adireshin wurin, da abin da ake nema. Ana yin binciken a gaban shaidu biyu, mai gida ko wakilinsa yana tsaye, a rubuta jerin duk abin da aka ɗauka, a sa hannu, a ba shi kwafi. Idan a sashen akwai matar kulle wadda ba ita ake nema ba, a sanar da ita a ba ta damar fita kafin a shiga, mace kuma mace ce ke caje ta. A al'adar aiki, jami'an kan bari a laluba su kafin su shiga, don kawar da zargin cewa su suka shigo da abin. Dokar tarayya ta yarda a aiwatar da waranti kowace rana, har Lahadi da ranar hutu, kuma ana iya shiga gida ba waranti don kama wanda ake nema ya ɓuya a ciki. Amfanin sanin wannan shi ne, inda babu shaidu, babu jeri, babu wanda ya ga lokacin da aka ɗaga katifa, tambayar ta tashi daga "an bi doka?" ta koma "a ɗakin aka same shi kuwa?" Wannan ta biyun ita ke haifar da shakka, shakka kuma ita ke sakin mutum. A shari'ar ƙwaya, wadda ake yi a Babbar Kotun Tarayya, nan ne galibi ake kayar da ƙara: an gwada abin a gabansa, an auna nauyinsa, an rufe an liƙe, wa ya ajiye, wa ya kai ɗakin gwaji, abin da aka kawo kotu shi ne wanda aka kama? In zaren ya tsinke a wani wuri, shaidar ta raunana ko da an karɓe ta. Don haka mai gida kada ya yi kokawa da masu bincike. Ya kira maƙwabci ko mai unguwa ya tsaya, ya riƙe sunaye da lokaci, kada kuma ya sa hannu a jerin da ba a karanta masa ba.

Iƙirari kuwa hukuncinsa ya sha bamban. Sashe na 29 na Dokar Shaida ya ce idan aka nuna wa kotu cewa an samo iƙirari, ko mai yiwuwa an samo shi, ta hanyar zalunci, ko a sakamakon wata magana ko wani aiki da zai iya sa iƙirari ya zama abin da ba a dogara da shi, to kotu ba za ta karɓa ba sai mai gabatar da ƙara ya tabbatar, ba tare da wata shakka mai ma'ana ba, cewa ba haka aka same shi ba. Zalunci a nan ya haɗa da azabtarwa, da wulaƙanci, da duka ko barazanar duka, ko da bai kai azabtarwa ba. Nauyi ya koma kan gwamnati, kuma babu aunawa irin ta sashe na 15. Tsohuwar doka ta shardanta cewa matsin ya fito daga mai iko; ta 2011 ba ta ambaci haka ba, saboda haka amsa laifin da 'yan sintirin unguwa suka fitar da sanda kafin a kai mutum caji ofis shi ma ya shiga ƙarƙashin sashen. Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 ta ƙara da cewa irin wannan iƙirari ba ya zama hujja sai a kan wanda ya yi azabtarwar, wanda zai iya shan ɗaurin da ya kai shekara 25, ta kuma ba wanda aka tsare haƙƙin likita ya duba shi bayan tambayoyi.

A aikace, lokaci ne ke cin mutane. Ana sukar iƙirari ne a daidai lokacin da ɗan sanda mai bincike yake cikin akwatin shaida, mai gabatar da ƙara ya miƙa takardar ya roƙi a karɓa. Nan lauya zai miƙe ya ce, "Ya Mai Shari'a, muna suka, ba da son ransa ya yi wannan bayani ba," ya kuma faɗi abin da aka yi masa. Sai alƙali ya dakatar da babbar shari'a ya buɗe ƙarama a cikinta a kan tambaya ɗaya tak: da yardarsa ko da tilas? Gwamnati ke fara kawo shaidu, wanda ya rubuta bayanin da babban jami'in da aka kai shi gabansa ya tabbatar, sannan wanda ake tuhuma ya kawo nasa, alƙali ya yanke. Wanda ya yi shiru aka karɓi takardar aka sa mata lamba, sai bayan wata shida da ya shiga kare kansa ya ce an rataye shi, ya yi ihu bayan hari. Kotuna kan ɗauki wannan a matsayin tunanin da ya zo daga baya.

Kuskure na biyu shi ne cakuɗa "an tilasta ni" da "ban yi ba". Idan mutum ya ce bai taɓa yin bayanin ba, sa hannun ma ba nasa ba ne, babu ƙaramar shari'a. Za a karɓi takardar, a bar batun nauyinta zuwa ranar hukunci, inda alƙali zai tambayi kansa ko akwai wani abu a wajen iƙirarin da ke gaskata shi, ko mutumin ya samu damar aikata laifin, ko abin da ya faɗa ya dace da sauran abin da aka tabbatar. Wanda aka rubuta masa bayani aka kama hannunsa aka dangwala da ƙarfi, maganarsa ta tilas ce, kuma haka ya kamata a gabatar da ita. Wajibi ne lauya ya zauna da shi kafin ranar ya ji dalla-dalla: wane ɗaki, su waye, da me aka buge shi, wace rana. Tabo yana warkewa kafin shari'a ta kai nan, don haka dangi su nemi a kai shi asibiti da wuri, su adana katin da takardar magani, kuma ranar farko da aka gurfanar da shi a roƙi majistare ya rubuta raunin da ya gani a jikinsa.

Ga mu Hausawa akwai wata ƙofa da ake yawan mantawa. Yawancin waɗanda ake kamawa a Zariya da Hausa suke bayani, takardar kuma da Turanci take fitowa. Abin da ya dace shi ne a rubuta da Hausar da ya yi, a karanta masa, ya sa hannu, sannan a fassara, a kawo duka biyun kotu. Idan ta bakin tafinta aka ɗauki bayanin, dole tafintan da wanda ya rubuta su zo su ba da shaida. In ba haka ba takardar ta zama ji-ta-ji-ta, ba ta karɓuwa. Kotun Ƙoli ta nanata wannan a shari'ar Gwamnatin Tarayya da Usman a 2012. Haka nan iƙirarin mutum ɗaya ba ya cin abokin tuhumarsa, sai in shi abokin ya amince da shi da baki ko da aiki.

Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, wadda aka fi sani da ACJA, ta zo da ƙarin kariya: sashe na 15(4) ya yi maganar ɗaukar iƙirari a bidiyo, na 17(2) kuma ya yi maganar ɗaukar bayani a gaban lauyan da mutum ya zaɓa, in babu, jami'in Hukumar Ba da Agajin Shari'a, ko na ƙungiyar farar hula, ko wani da ya zaɓa. Shekaru ana saɓani a Kotun Ɗaukaka Ƙara, wasu alƙalai na cewa lafazin na zaɓi ne, wasu na cewa umarni ne. Kotun Ƙoli ta raba gardama a shari'ar Charles da Jihar Legas a 2023, sannan a shari'o'in Nnajiofor da Akaeze a 2024: wajibi ne, kuma iƙirarin da aka ɗauka ba tare da bin wannan ba ba shi da amfani. A kotunan jiha a Zariya, dokar Kaduna ta 2017 ce ke tafiyar da tsari, an kuma gina ta a kan ta tarayya, don haka lauya ya buɗe ta ya jingina sukarsa da nata lafazin. Wannan ne sauyi mafi girma da aka samu a fannin cikin shekarun nan, domin a zamanin da kowane kurtu ke da waya mai kyamara a aljihu, uzurin rashin na'ura ya ƙare.

Amma kada a ɗauka duk dabara haramun ce. Sashe na 31 na Dokar Shaida ya ce iƙirari ba ya faɗuwa don kawai an yi wa mutum alkawarin rufa asiri, ko an yaudare shi, ko yana cikin maye, ko ba a gargaɗe shi ba. A shari'ar Igbinovia ta 1981, an saka ɗan sanda cikin sel a matsayin ɗan fursuna, wanda ake zargi ya saki baki ya ba shi labarin kisan da ya yi, kuma Kotun Ƙoli ta karɓa.

Ramin da ya fi damuna shi ne sashe na 30. Ya ce idan bayanin da wanda ake zargi ya bayar ya kai ga gano wani abu, ana iya kawo shaidar abin da aka gano, har da cewa ta bayaninsa aka gano shi, ko da shi bayanin ba ya karɓuwa. Ma'ana, a doki mutum ya ce babur ɗin yana wani kango a Dogarawa, a je a samu. Takardar iƙirari ta faɗi, babur ya shiga, kuma kotu za ta ji cewa shi ya nuna wurin. Mai duka ya samu abin da yake so. Lauya na iya haɗa sashe na 14 da Dokar Hana Azabtarwa ya ce babu saɓawar da ta fi azabtarwa girma, kuma hujja ce mai ƙarfi, amma lafazin sashe na 30 yana nan daram. Malaman fiƙihu na cikin birni sun san wannan mas'ala tun kafin Turawa: a Muhtasar, Shehu Halil ya ce sata tana tabbata da iƙirari idan da son rai aka yi, in ba haka ba ba ta tabbata, ko da mutumin ya fito da kayan satar ko ya nuna gawar. Dalilin da masu sharhi ke bayarwa shi ne mai yiwuwa kayan sun zo hannunsa ta wata hanya. Akwai malaman Malikiyya, irin su Sahnun, da suka sassauta a kan wanda aka san shi da ɓarna, amma mashhurin zance shi ne na farko, kuma ya fi dokarmu ta yau tsauri.

Shaidar waya ita ce ta fi yawa yanzu: muryar mai neman kuɗin fansa da aka naɗa, saƙon WhatsApp, hoton tura kuɗi. Sashe na 14 bai bambanta jami'i da farar hula ba, don haka wanda ya naɗi mai neman cin hanci a ɓoye, ko ya ɗauko saƙo daga wayar da ba tasa ba, shaidarsa za ta hau sikeli guda, kuma galibi takan wuce. Hukumomin tsaro kuwa, ƙa'idojin Hukumar Sadarwa na 2019 sun ce sai da warantin alƙali za su saurari waya, in ban da halin gaggawa, inda za su nemi warantin cikin awa 48. Abin da ya fi kayar da irin wannan shaida shi ne sashe na 84 na Dokar Shaida, wanda ke neman a bayyana na'urar da ta fitar da ita, a nuna tana aiki daidai a lokacin, a kuma haɗa da satifiket mai sa hannun wanda ke kula da ita. Mai ƙara ya adana wayar asali, kada ya goge, kada ya tura wa kansa ya sayar da ita a kasuwa.

Idan alƙali ya karɓi abin da bai kamata ba, ana iya ɗaukaka ƙara, amma sashe na 251 ya ce kuskuren karɓar shaida kaɗai ba ya rushe hukunci idan a hankalce bai shafi sakamakon ba. Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Kaduna za ta cire shaidar ta duba ragowar: in akwai wanda ya gani da ido, ko wasu kayan da suka isa, hukunci na nan. Inda ake samun nasara shi ne shari'ar da ta tsaya a kan iƙirari shi kaɗai, kuma irinta ba kaɗan ba ce a laifukan fashi da kisa. Kotun sama ba ta jin shaidu, kundin shari'a take karantawa, don haka lauya ya tabbatar an rubuta sukarsa da dalilanta da hukuncin da aka yanke a kanta, ya kuma nemi kwafin da aka tabbatar tun shari'a ba ta yi nisa ba.